Duk wannan wahala, don me?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tun da aka dawo da fadar gwamnati Abuja a 1991, jama'a ke ta kwararowa neman abinci. Mafi yawa ba su samu wurin kwana a Maitama ko Asokoro ba, sai Nyanya, Mararaba, Kubwa, Zuba. Mutum ya fito bayan Asuba, ya maƙale a cunkoson Kugbo, ya yini a ofis ko a shago a kasuwar Wuse, ya koma gida yara sun yi barci. Albashi bai kai tsakiyar wata ba. Wata rana dole zuciya ta tambaya: duk wannan wahala, don me?

Tambayar ba laifi ba ce, kuma ba Musulmi kaɗai ke yin ta ba. Har waɗanda suka ce ba su yarda da samuwar Allah ba, ka ji suna cewa 'ya'yansu, ko aikinsu, ko taimakon jama'a shi ne abin da suke rayuwa dominsa. Abubuwa ne masu kyau, ba na musu. Sai dai lissafinsu a bakin kabari yake tsayawa. Wanda ɗansa ya rasu, ko aka sallame shi daga aiki yana da shekara hamsin, me ya rage masa?

Amma ba su ne suka fi damuna ba. Mu ne. Ɗan Islamiyya ma ya haddace aya ta 56 a Suratuz Zariyat, cewa Allah bai halicci aljanu da mutane ba sai don su bauta masa. Sai muka ɗaure ibada a kan dadduma, sauran awannin yini muka bar su babu niyya, babu lada, sai ƙorafi.

Ku tuna Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi. Yana kwance ba lafiya a Makka, Manzon Allah (SAW) ya je duba shi, ya gaya masa cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Loma fa! To ina ga kuɗin haya, da kuɗin makaranta, da ɗan abin da kake tura wa Inna a ƙauye duk ƙarshen wata? Direban da ya riƙe amanar fasinja, da ma'aikaciyar da ta fito da fayil ba tare da jiran na goro ba, suna cikin bauta matuƙar sun ƙulla niyya.

Kuma iyaye, idan yaronku ya kwaso shakku daga TikTok ya zo yana tambayar amfanin rayuwa, kada ku fara da tsinuwa. Ku zaunar da shi, ku saurare shi har ya gama, in ta fi ƙarfinku ku raka shi wajen malami mai haƙuri.