Furosesar da ba ta iya rabawa ba, da sadakar Baffa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakina na ƙofar gida ya san abin da nake tarawa, don haka ba sai na tsaya dogon bayani ba. Kwamfutar ZX Spectrum ɗin nan ta 1982 mai maɓallan roba tana nan inda kuka bar ta, gwangwanayen madarar kuma sun ƙaru, kowanne cike da tsofaffin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tun daga Z80 mai ƙafa 40 har zuwa 486. Uwargida ta daɗe da saduda, sharaɗinta kawai shi ne kada tarkacen ya tsallako falo.

Ranar Asabar yaron da ke yi mini cigiya a wajen 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa ya bugo waya cewa an sauke kayan wani ofis da aka kwashe sitonsa, kuma idan ban hanzarta ba guduma za ta riga ni. Su 'yan gwangwan babu ruwansu da shekarar da aka ƙera abu, sikeli ne alƙalinsu: ƙarfe gefe guda, fanel, wato allon cikin kwamfuta da ake dasa furosesa a kai, gefe guda, furosesa masu jikin tangaran kuma a zuba su a daro, domin akwai masu saye saboda ɗan zinaren da ke ƙafafunsu da murfinsu. Na zura tsohuwar rigar da nake fenti da ita, da wandon da gwiwarsa ta ƙoƙe, da silifas, na ɗauki buhun shinkafa fanko. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa wannan ita ce shigar da ta dace da mutumin da zai tona ƙurar shekara talatin.

A cikin daron na gan ta. Ta fi 486 faɗi da nauyi, jikinta tangaran ne mai duhu, samanta murfi ne ruwan zinare wanda datti ya lulluɓe. Na juya ta na duba ƙafafun, biyu ne kawai suka lanƙwashe, babu wadda ta karye, abin da ba kasafai ake dacewa da shi ba a kayan da aka ɓanɓaro da sukudireba aka wurga a daro. Rubutun da ke jikinta shi ne komai a wannan sana'a, domin da shi ake bambance ta gaske da wadda aka kankare aka sake wa lamba, kuma ba ya karantuwa sai an goge an karkata shi ga rana. Ban zo da tsumma ba, sai na tsuguna na tofa mata yawu na murza da bakin rigata. Layin farko ya fito, A80501-66, na biyu kuma SX837. Masu abin sun riga sun gane: Pentium ce ta zubin farko, irin wadda kamfanin Intel ya fitar a 1993, mai ƙafa 273, kuma tana cikin waɗanda suka zo da shahararren kuskuren nan na lissafin rabawa.

Ina cikin wannan hali, a tsugune a tsakiyar tarkace, buhu a gefena, ina lasar yatsa ina murza, ina kuma dariya ni kaɗai, sai na ji an yi sallama a kaina da muryar da na sani. Baffan uwargida ne, wan mahaifinta, wanda ya karɓi sadakinta da hannunsa, ya zo sayen rodi saboda ginin nan nasa da ba ya ƙarewa. Faɗuwa ta zo daidai da zama, tun da dama a tsugune nake, sai kawai na gyara na ce, "Baffa, barka da rana, an zo lafiya?" Bai amsa gaisuwar nan take ba. Ya dubi silifas ɗina, ya dubi buhun, ya dubi gwiwar wandon, sannan ya rage murya ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Wajen aikin naku fa, ana nan ana zuwa?"

Na ce aiki lafiya ƙalau, wannan sha'awa ce kawai. Da na tsaya a nan da wataƙila an rabu da mutunci, amma ya tambaye ni abin da ke hannuna, kuma duk wanda ya san ni ya san ba a yi mini wannan tambaya a tafi haka nan. Na miƙe na shiga bayani tiryan-tiryan. Na ce masa wannan ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma darajarta ita ce tana kuskure. Na ba shi labarin Thomas Nicely, malamin lissafi a wata kwaleji da ke Lynchburg a jihar Bajiniya ta Amurka, wanda a 1994 ya lura amsoshinsa ba sa daidaita, ya bi diddigi har ya gano laifin na furosesar ne. Na ce idan aka ba ta 4195835 ta raba da 3145727, maimakon ta ce 1.33382 sai ta ce 1.33373. Lambobin nan da ka na kawo su, ban duba waya ba, kuma ina kallon fuskar Baffa tana ƙara yin laushi irin na mai jinya da likita ya kira gefe.

"To, Malam," in ji shi a hankali, "wato cikin duk waɗannan, wadda ba ta iya lissafin ba ita kake nema?"

Na ce ƙwarai kuwa, domin kamfanin ya karɓi da yawa daga cikinsu ya musanya wa mutane da masu kyau, shi ya sa samun wadda ta tsira abin murna ne. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da na faɗa, amma ina jin yadda kowace jimla take fita daga bakina tana ƙara tabbatar masa da abin da yake tsoro.

A nan ne mai rake ya shigo maganar, kuma shi ne ainihin wanda nake riƙe da shi a zuciya, ba Baffa ba. Mutumin nan yana da baro a bakin layin, ban taɓa yi masa komai ba, hasali ma ina sayen rakensa duk da cewa rabinsa gaɓa ce. Babu wanda ya tambaye shi, amma ya ajiye wuƙarsa ya matso ya ce, "Alhaji, ai kullum yana nan. Wani lokacin har magana yake yi da su." Ba kullum nake zuwa ba, kuma abin da ya kira magana karanta lambobi ne a fili, domin a irin su Z80 lambobi huɗu ne ke nuna lokacin ƙira, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako, sai mutum ya furta ya ji 8432 na nufin mako na 32 a 1984. Na fara yi masa wannan bayani, ya gyaɗa kai ya dubi Baffa ya ce, "Ka ji ko? Haka wani maƙwabcinmu ya fara, shi da murafen kwalba." Mutumin da bai san bambancin furosesa da murfin tukunya ba, wanda na taɓa gani da idona yana danne ledar rakensa da furosesar Motorola 68000, irin wadda ke cikin kwamfutar Macintosh ta 1984, don kada iska ta ɗauke, shi ne ya zama shaida a kan lafiyar hankalina. Waccan 68000 ɗin ma da na nemi ya sayar mini cewa ya yi sai dai in kawo masa dutse mai nauyinta, na kawo, ya ce dutsen bai kwanta daidai ba.

Baffa ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya kama hannuna na dama, wanda furosesar ke ciki, ya cusa mini takardar naira 1000 a dunƙule, ya rufe yatsuna a kai da nasa hannun biyu. Ya ce, "A saya wa yara wani abu. Kowane bawa da irin jarrabawarsa, kuma neman halal ba abin kunya ba ne." Ƙafafu 273 suna huda mini tafin hannu, shi kuma yana ƙara matsewa yana addu'a, mai rake yana amsawa da amin mai ƙarfi, yaran shagon su ma suka tayar da kai suka shafa. Ba a mayar wa suruki kyauta a gaban jama'a, don haka na durƙusa na ce, "Na gode, Baffa, Allah ya ƙara girma." Na ji kaina ina faɗin haka, da rigar fenti, da buhu. Lokacin da ya saki hannuna ƙafafun da suka lanƙwashe sun tashi daga biyu sun koma layi guda cur.

Mai shagon kuwa duk wannan bai dame shi ba, abu ɗaya ya tsinta a cikin jawabina, wato inda na ce musanyar ta ci wa Intel dala miliyan 475. Da na zo biya sai ya karɓe furosesar ya sa a aljihun gaba ya ce, "Injiniya, wannan ba ta kilo ba ce, kai da bakinka ka faɗi kuɗinta." Na yi rantsuwa cewa asarar kamfani na faɗa ba farashi ba, mai rake ya ce shi dai miliyan ya ji. Sai da aka kira la'asar muna ciniki, a ƙarshe na biya abin da ba zan rubuta a nan ba saboda uwargida tana karantawa, kuma dubun Baffa tana ciki.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Surukata ta bugo wa 'yarta waya tana tambaya a kaikaice ko ina barci sosai da dare, washegari kuma aka aiko da rabin buhun masara ba tare da wani bayani ba. Masarar dai mun ci. Ƙafafun na miƙe su ɗaya bayan ɗaya da bakin fensir mai cikin ƙarfe, sai dai har yau ban gwada rabawar ba, domin irin wannan Pentium ba ta zama sai a fanel mai mazaunin furosesa da ake kira Socket 4, nata fanel ɗin kuwa an riga an farfasa shi tun kafin in iso. Yaron ya ce ya ga wani mai kama da shi a wani shago can ciki, amma hanyar shagon ta gaban baron mai rake ta bi.