Ba waƙa ɗaya Violeta Parra ta bari ba

Madalla da labarin da kuka kawo kan Violeta Parra, mawaƙiyar ƙasar Chile, sai dai kun tsaya kan waƙarta "Gracias a la Vida" kamar ita kaɗai ta bari. Ni a wurina babban aikinta shi ne yawon da ta shiga a shekarun 1950, bayan yayanta Nicanor ya ƙarfafa mata gwiwa. Ta bi ƙauyukan Chile ɗauke da jita da littafin rubutu, daga baya har da na'urar naɗar murya, ta zauna gaban tsofaffin manoma da matan karkara tana lallaɓa su har su rera mata abin da suka gada. Hatta waƙoƙin da ake yi a zaman makokin jariri sai da ta kwaso. Ba don ita ba, da yawancinsu sun bi tsofaffin nan kabari.

Ɗinkinta ma ba ku taɓo ba. Ciwon hanta ne ya kwantar da ita, ta ɗauki allura da zaren ulu tana fitar da hotuna a jikin algarara, kuma a 1964 aka baje su a gidan tarihin kayan ado da ke cikin fadar Louvre a birnin Paris na Faransa.

Abin da ke sosa mini rai shi ne tantin da ta kafa a La Reina, gefen Santiago, babban birnin Chile, a 1965. Ta so ya zama matattarar waƙar gargajiya, amma jama'a ba su zo ba sai jefi-jefi. A nan ta kashe kanta ran 5 ga Fabrairu 1967, tana da shekara 49.