Ka sayar da gidan da hannunka tun kana da ta cewa

Jama'a akwai maganar da mutane ba sa so a taɓo amma ni dai zan faɗe ta. In bashi ya yi wa mutum katutu har ya hango karayar arziki ta tunkaro shi, gara ya sayar da gidansa da kansa ya koma haya. Na san da ciwo, wallahi da ciwo, gidan da ka yi shekara da shekaru kana tara kuɗinsa, yara suka tashi a ciki, yau a ce ka kwashe kaya ka koma ƙarƙashin wani.

To amma duba yadda abin ke tafiya. Gidan da ke jingine a banki, duk watan da ya wuce ba ka biya ba kuɗin ruwa na hawa, ga tarar jinkiri ga kuɗin lauyoyi duk kai za a lafta wa, ranar da suka kai shi gwanjo kuwa ba ruwansu da darajarsa, su dai su fanshe kuɗinsu, shi ya sa sau da yawa yake tafiya ƙasa da farashin kasuwa, kuma a ƙasashe da dama in kuɗin bai rufe bashin ba ragowar tana nan a wuyanka. A rikicin tattalin arziki na 2008 miliyoyin iyalai a Amurka sun rasa gidajensu ta wannan hanya, da yawansu bashin da ke kan gidan ya zarce kuɗin gidan kansa.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane ba, neman hayar ma ya fi sauƙi kafin kotu ta ayyana ka a matsayin wanda ya karye. Masu gidajen haya suna bincika tarihin bashin mutum, a Ingila tabon na zama shekara 6 a fayil ɗinka, a Amurka yana iya kai 10. Sai ka ga an ce ka kawo wanda zai tsaya maka ko ka ajiye kuɗi masu kauri, a lokacin da ba ka da su.

Don Allah kar ka mayar da gidan sunan ƙaninka ko matarka wai kana ɓoye shi, kotu na iya warware cinikin ka ƙara shiga uku. Ka ga lauya kafin ka sa hannu a komai, don wasu dokokin suna kare wani kaso na gidan da mutum ke zaune a ciki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne "me mutane za su ce". Saboda wannan magana magidanci zai ci sabon bashi ya toshe tsoho, ya ɓoye wa iyalinsa har ranar da takardar kora ta iso ƙofa. Matar da za ta haɗa kayan nan ai tana da haƙƙin sani tun da wuri, yara ma a gaya musu daidai hankalinsu, a nemi haya kusa da makarantarsu ko da ɗakunan sun yi kaɗan. Mu kuma 'yan uwa, mai hali a cikinmu ya tsaya masa wajen mai gidan hayar, don a nan ne yawanci abin ke cijewa.