Hoton tauraron ɗan'adam kyauta ne, littafin ma'aunin ruwanmu ne ke kulle a durowa

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin kammala digiri ya zo, sai ka ga ɗaliban labarin ƙasa da na aikin gona suna bin ƙauyuka da takardar tambayoyi: "Baba, a ganinka ruwan sama raguwa ya yi ko ƙaruwa?" Dattijo ya ce raguwa ya yi, ɗalibi ya sa alama, a fitar da kaso cikin ɗari, a ɗaure kundi da baƙin bango, shi ke nan wai an yi binciken sauyin yanayi. Ban raina abin da dattijo ya gani da idonsa ba, shi ya san shekarar da gero ya ƙone a gona. Amma tambayar da aka kai masa tana da amsa a intanet, ta kowace rana tun daga 1981, kuma ba a biyan ko sisi.

Ina nufin CHIRPS, rumbun bayanan ruwan sama da masana a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara suka haɗa tare da hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS. Sun yanka taswira gida-gida, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 5, kowanne da ƙiyasin ruwan da ya sauka a cikinsa. Ɗalibin da ke Gumel ko Tasawa zai iya ciro na garinsu ya ga da kansa yadda shekarun 1983 da 1984 suka bushe, da yadda damina ta farfaɗo daga baya, da kuma ko ranar faɗuwar ruwan shuka tana matsawa gaba ko tana nan inda take. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi damun manomi, kuma ita ce takardar tambayoyi ba ta iya amsawa.

Hotunan taurarin ɗan'adam na Amurka, Landsat, sun fi haka tsufa. Tun 1972 taurarin nan ke ɗaukar hoton doron ƙasa. A da hoto ɗaya ɗaruruwan daloli ne, sai a 2008 aka buɗe rumbun gaba ɗaya ga kowa. Turai ma ta biyo baya da Sentinel-2 a 2015, wanda ke gano abu mai faɗin mita 10 kuma yana dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5. Ka ce kwamfutarka tsohuwa ce, data ta yi tsada, wuta kuma sai an ga dama. Gaskiya ne. Sai dai a Google Earth Engine, shafin Google na nazarin hotunan tauraro, ba kai ke sauke hotunan ba, injinansu ne ke yin lissafin su turo maka sakamako, kuma masu karatu da bincike ba sa biya. Manhajar zana taswira ta QGIS ita ma kyauta ce.

Abin da ya sa nake nacewa shi ne akwai maganganun da muke ta maimaitawa a taro ba tare da mun duba ba. Tafkin Chadi ne babban misali. Kowane mai jawabi sai ya ce ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari, ya yi shiru a nan, mai sauraro ya tafi da tunanin gobe ko jibi zai ɓace. Ƙafewar ta faru, daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, lokacin babban fari. Amma wanda ya jera hotunan shekarun da suka biyo baya zai ga tafkin bai ci gaba da tsukewa ba. Yana cika yana janyewa gwargwadon abin da kogin Shari ya kawo, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi. Wanda zai tsara wa masunta da manoman bakin tafki wani shiri da alƙaluman 1985, ai ya tsara wa wani tafkin ne daban.

Haka a Jamhuriyar Nijar. Ana ta cewa hamada na cinye ƙasa, sai da masana suka ɗora tsofaffin hotunan jirgin sama na shekarun 1970 a gefen sababbin hotunan tauraro, suka tarar gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram sun fi da yawan itatuwa. Manoma ne suka daina sare tohon gawo da sauran itatuwa suna barinsu su girma a cikin gona, a faɗin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Ba wani aikin gwamnati ne ya dasa su ba, kuma mutanen birni ba su sani ba sai da aka gani daga sama.

To amma kada ɗalibi ya ji wannan ya ɗauka an gama, ya zauna a ɗaki yana fitar da taswira mai launi-launi. Tauraro yana ruɗin mutum. Je ka fadamar Haɗeja da Nguru, inda yanayin ambaliya ya canza bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Daga sama za ka ga kore shar, lissafinka ya ce maka tsirrai sun ƙaru, ka rubuta cewa muhalli ya gyaru. Ka sauka ƙasa ka tambayi mai kwalekwale, zai nuna maka kachala ce, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki. A idon tauraro ita da shinkafa duk kore ne. A watan Agusta kuwa, lokacin da aka fi buƙatar hoto saboda ambaliya, yawanci gajimare kawai za ka samu, sai dai ka koma ga tauraron Sentinel-1 mai amfani da na'urar rada, wadda ke ratsa hadari dare da rana, ita kuma karanta hotonta sai an koya.

CHIRPS ɗin da na yaba ma ba ɗigon ruwa yake ƙirgawa ba. Sanyin saman gajimare yake aunawa ya ƙiyasta ruwan da zai iya zubarwa, sannan a gyara ƙiyasin da alƙaluman ma'aunan ruwa na ƙasa. Inda ma'auni ya yi ƙaranci, gyaran ma ya yi ƙaranci. Ga shi ruwan namu na zaɓe ne, a yi kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauye, na gaba da shi ko yayyafi bai gani ba.

A nan ne takaicina yake. Garuruwa irin su Kano suna da tarihin awon ruwan sama tun farkon ƙarni na 20. Tashoshin jiragen sama, cibiyoyin binciken noma, ofisoshin ayyukan gona na jihohi, hukumomin kogi, duk sun tara alƙaluma na shekaru aru-aru. Amma ɗalibin da ke son su sai ya nemo wasiƙa daga shugaban sashe, ya kai, a ce ya dawo, ya dawo a yanka masa kuɗi a kan kowace shekara da kowace tasha. Wani wurin ma littafin ne da kansa, rubutun hannu, gara ta fara cin gefensa. Yaron da ke cin garau-garau don kuɗin makaranta su isa, ina zai samo wannan? Sai ya haƙura ya koma ga takardar tambayoyi, ko ya ɗauko na tauraro ya yi amfani da shi ba tare da ya gwada shi da komai ba. Ƙasar waje ta ba shi hoton gonar ubansa kyauta, mu kuma mun hana shi adadin ruwan da ya sauka a cikinta, alhali da kuɗin jama'a aka auna.

Na san hujjar da ake bayarwa, cewa an ce wa hukumomi su nemo kuɗin shiga, kuma kula da tasha ba arha ba ne. Na yarda. A caji kamfanonin jiragen sama da na gine-gine da na inshora, su ne ke cin riba da bayanan. Amma awon ruwan 1975 ba hajar sayarwa ba ce, a shigar da shi kwamfuta a ɗora a shafi kowa ya ɗauka. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya ɗaiɗaita Sahel, tana fitar da hasashen damina na yankin duk shekara, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ma tana fitar da nata. Kowane hasashe kuwa ƙarfinsa yana ga yawan wuraren da ake awo a ƙasa da yawan idanun da ke duba alƙaluman suna gano kuskure.

Malamanmu na jami'a ma akwai nasu. Wasu suna ƙin karɓar aikin da aka yi da waɗannan kayan don kawai ba su saba da su ba, sai su mayar da ɗalibi kan hanyar da su aka bi da su shekara 30 da suka wuce. Ranka ya daɗe, zama ɗaya na mako guda ya isa mutum ya iya ciro ruwan sama na ƙaramar hukumarsa ya zana shi.

Ma'aunin ruwa kuma ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: mazurari ne da gwangwani mai zanen milimita, a kafa shi a fili nesa da bishiya da rufin ɗaki, a karanta kowace safiya a lokaci ɗaya. Da kowace makarantar sakandare a Jigawa da Katsina da Zamfara za ta kafa ɗaya, malamin labarin ƙasa ya sa 'yan aji suna karantawa bi da bi suna turawa ta waya zuwa shafi ɗaya da kowa ke gani, cikin damina 5 za a samu abin da za a gwada ƙiyasin tauraro da shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.