Yadda kwamfutata ta tona mini asiri gaban Baba Alhaji

Ku da kuke kirana da sabon suna tun ranar Juma'a, ku saurara ku ji daga bakina, don labarin da mai gyaran waya yake yawo da shi a fada rabinsa ƙari ne.

Kwamfutar ɗakina kun san ta, tsohuwa ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 ta ce sai inji mai wani abu wai shi TPM 2.0, tawa ba ta da shi. Mai gyara ya ce in kawo jika uku ya shigar mini da ita ta bayan gida. Na ce Allah ya kiyaye. Na sayi data ta dare, na sauko da Linux Mint, wata manhaja ta kyauta mai maye gurbin Windows, kusan giga 3, na zuba a kile na USB, na kwashe hotunan suna da takardun lakwal na adana, na share komai na ɗora sabuwa. Injin da a da sai in kunna shi in je in yi alwala in dawo bai gama farkawa ba, yanzu kafin in gyara zama ya buɗe.

To, na ɗan yi magana a fada, ban musa ba. Na ce musu wani ɗalibi ne a jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara Linux a 1991, ya sake shi kyauta kowa ya duba cikinsa ya gyara. Na ce ita Mint ɗin wani Bafaranshe ne ya fito da ita a 2006. Mai gyara yana kaɗa shayi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Mushe, abin kyauta sai an duba ƙasanshi." Na ce masa wayar Android da yake ci da ita kullum, zuciyarta Linux ce. Ya ɗauki wayarsa ya juya bayanta ya duba, ya ce shi bai ga an rubuta ba.

Ga inda masu Linux suka cuce ni. Allon rubutuna na Faransanci ne kamar na kowa a ƙasar nan ta Nijar, AZERTY. Wajen ɗorawa su kuma na Amurka suka sa a gaba, inda A take zama Q, Z ta zama W, M kuma ta koma wata alama can. A gurbin suna "biro" na rubuta, haruffa huɗu da ba sa motsi a kowane allo, don haka ban ga wata alamar matsala ba. Kalmar sirri kuwa ɗigo-ɗigo take fitowa. Na zaɓi ta riƙa shiga da kanta ba tare da tambaya ba. Da na fara rubutu na ga Q tana fitowa a wurin A, sai na ƙara allon Faransanci, komai ya daidaita, na manta da zancen.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Baba Alhaji da kansa, surukina, da amininsa na unguwar Bagalam mai carbin nan dogo, da Auta ƙanen maiɗakina. Takardar gayyatar ɗaurin auren ƙanwar maiɗakina za a rubuta. A bayansu kuma wa zan gani? Mai gyara, wai ya biyo ya gaida Baba. Mutumin da tun da na tare a unguwar Zariya bai taɓa taka ƙofar gidana ba.

Na shimfiɗa musu darduma, aka kawo fura. Na durƙusa na jawo kwamfutar, wadda na bari a kunne tun safe don su ga sauri. Ashe idan ta daɗe ba a taɓa ta ba kulle kanta take yi. Agogo ne kawai a fuskarta, da ɗan akwati yana neman kalmar sirri.

Na rubuta. Ta ƙi. Na yi murmushi na ce yatsa ne ya zame. Na sake rubutawa a hankali, harafi bayan harafi, ta ƙi. Na duba ko manyan baƙaƙe ne a kunne, ba su ba ne. Baba Alhaji ya ajiye ludayi ya ce, "Malam, lahiya dai?" Na ce lafiya lau Baba, tsaro ne ya yi mata yawa. Amininsa ya ce, "Ikon Allah, har mai ita ba ta yarda da shi ba." Mai gyara bai ce komai ba. Gyaran murya kawai ya yi, irin wanda ake ji har zaure, ya miƙe ƙafa ya ƙara fura.

Gumi ya fara bin bayana, alhali fanka tana juyawa. Na goge allon da hannun riga. Na hura tsakanin maɓallan, wai ko ƙura ce. Har na ɗaga injin na leƙa ƙasansa, kuma a daidai lokacin na tuna maganar mai gyara ta fada, na ɗago muka haɗa ido. Wallahi ya gane na tuna.

Sai Auta, yaron da bai gama kwaleji ba, ya matso ya ce, "Yaya, mi ne ne kalmar? Hwaɗa mini in gwada." Na ce masa sirri ce. Baba Alhaji ya ce, "Wane sirri tsakaninka da ƙanenka? Hwaɗa mishi mu tahi, la'asar na zuwa." Na ce bari in rubuta masa a takarda. Babu biro kusa, a gidan malamin makaranta. Na sunkuya zan raɗa masa a kunne, ɗan banzan yaron ya ja da baya ya ce, "Ban ji ba, Yaya, ɗaga murya."

Jama'a, a gaban uban matata, a gaban amininsa, ina durƙushe, bakina ya furta: "Zumata."

"Mi?" in ji Baba, don kunnensa na hagu kun san halinsa.

"Zumata, Baba."

Tsit. Amininsa ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, kafaɗunsa suna rawa. Baba Alhaji ya kafa wa rufin ɗaki ido kamar yau ya fara ganin kwano, ya ce, "To. Madalla. Allah shi bar ƙauna." Bayan labule na ji an saki faranti. Mai gyara kuwa fura ta sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya, kuma ni aka sa na miƙa masa ruwa.

Auta ya danna wata ƴar tuta a gefen akwatin, ta koma ta Amurka, ya rubuta, ta buɗe nan take. Ya ce wai abin da injin ya adana tun farko "wu;qtq" ne. Ku lura da kyau: tutar kawai zai danna ya miƙo mini in rubuta da kaina. Bai da wata bukatar jin kalmar. Ya sani sarai. Yaron nan ni na saya masa keke.

Amma Auta wasa ne tsakaninmu, zan rama a ranar aurensa. Wanda ban yafe wa ba mai gyara ne. Kafin magariba labari ya kai unguwar Mokoyo. Shi ne ya ƙara cewa wai na yi kuka, kuma wai sai da ya sa hannu aka buɗe. Da wane hannun? Wanda yake riƙe da ludayi? Mutumin da na ba wa wayata bara ya canja gilashi, ya dawo mini da ita lasifika ba ta magana, ya ce dama haka take. Mutumin da har yau jikata biyu na wurinsa tun bikin ɗan Mamansu, kullum sai "ranar kasuwa". Jiya na wuce ta gaban shagonsa a kan kabu-kabu, ya bar mai saye a tsaye ya fito bakin titi yana kiran "Mushe Zuma! A kawo ta a sa mata Windows?" Har ɗan kabu-kabun ya tambaye ni ko zuma nake sayarwa, nawa ne lita.

Takardar dai an rubuta ta a manhajar rubutu ta LibreOffice, ta yi kyau. Auta ma ya tono allon Hausa a ciki, mai ƙ da ɗ, muka mayar da ita PDF don kada ta wargaje a wurin masu bugawa. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi.

Maiɗakina ce dai. Na zaci ko ba komai na samu lada a cikin gida. Da dare ta ajiye mini tuwo ta ce duk zamanmu ban taɓa kiranta da wannan suna ba ko da wasa, saboda haka in gaya mata wace ce. Na ce ita ce mana. Ta ce uhm. Na canja kalmar zuwa lambobi zalla, ta ce lambar wayar wa ce. A nan muke har yanzu.