Matar laburare mai bin addinin Wika

Na karanta labarin wata mata a Ingila mai aiki a laburare, wadda wasu ke cewa a sallame ta daga aiki saboda tana bin addinin Wika, wani addinin maguzanci na zamani. Ni Musulmi ne, aƙidarta ba ta kwanta mini ba ko kaɗan, amma masu cewa a sallame ta ba su yi adalci ba. Aikinta jera littattafai ne a kanta da nemo wa yaro wanda malaminsa ya aiko shi nema. Bukukuwanta takwas na shekara, da kunna kyandir, da shukar ganyen magani a bayan gida, duk sai ta tashi aiki. A ƙidayar 2021, mutum 13,000 ne a Ingila da Wales suka ce Wika suke bi. Duk korar su za a yi?