An manta da zink a abincin jijiya

Wani labari da na karanta ya ce abincin da ake ɗura wa maras lafiya ta jijiya sukari ne da furotin da kitse, bai ambaci ma'adinan da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan irin su zink da silinyam da tagulla ba, alhali nan gizo ke saƙa. Ƙanena ya yi makonni kan wannan ruwan bayan taifot ta huda masa hanji. Fata ta fara saɓulewa kewayen bakinsa, gashi na zuba kan matashin kai, ɗinkin tiyatar da aka yi masa ya ƙi haɗewa. Likita ta ce zink ke fita tare da ruwan hanjin. Da aka ƙara masa, kurajen suka bushe, Alhamdulillahi. Masu ciwon hanta kuwa a kula musu da ma'adinin manganis da ke cikin abincin jijiyar, ta ruwan matsarmama yake fita, in hanyar ruwan ta toshe sai manganis ɗin ya taru a ƙwaƙwalwa.